An ce sai an yi min tiyatar hanci, Inna ta ce ba da yawunta ba: wa ya taɓa yi?

Sale Mai Inji:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, wanda ya sani ya yi magana, wanda bai sani ba ya taya ni da addu'a. Shekaru ke nan hancina a toshe yake, rani da damina. Da baki nake numfashi, da dare maƙogwaro ya bushe ƙamas, iyali ta ce minsharina har zaure ana ji. Majina mai kauri na gangarowa ta baya, goshi da kumatu su yi nauyi, musamman in na sunkuya ɗaukar buhu. Abin da ya fi damuna shi ne ƙamshi da wari duk sun ɗauke. Ko bel ɗin inji ya fara ƙonewa sai dai yarana su gaya min. Daga Haɗeja aka tura ni Kano wajen likitocin kunne, hanci da maƙogwaro. Sun zura wata 'yar kyamara suka ce akwai tsiron nama a ɓangarorin biyu, aka yi hoton CT mai nuna cikin ƙashin fuska, aka ɗora ni kan maganin fesawa na 'yan watanni. Da na koma suka ce bai sauka yadda ake so ba, sai aiki. Inna ta ce ba da yawunta ba, wai a zamaninsu an yi wa wani mutumin garinsu, aka ɗaga masa leɓe aka fasa ƙashi, fuska ta kumbura suntum. To wa ya taɓa yi a cikinku? Ana rabuwa da shi ko dawowa yake yi? Sana'ata injin casar shinkafa a yankin Auyo.

Ummu Hanif:
Allah ya ba ka lafiya Malam Sale, ya sa kaffara ne.

Ɗan Gumel:
Amin. Amma ni dai ban ga abin gaggawar wuƙa ba. Sanyi ne ya yi maka yawa. Ka samu man habbatussauda da tafarnuwa, ka riƙa sirace da ganyen turare safe da yamma, ka bar ruwan firji. Kakanninmu ba su san tiyata ba kuma sun yi numfashi har suka tsufa.

Baffa Na Ringim:
Kakanninmu ba su yini a cikin buntun shinkafa da hayaƙin gas ba, Ɗan Gumel. Turmi da taɓarya suka sani, a fili, iska na kaɗawa.

Hajiya Mai Atamfa:
Sale ƙanina, ni an yi min, kuma irin naka ne sak, tsiro a hanci biyu. Ka gaya wa Inna babu inda aka yanka a fuskata, ko tabon ƙwayar gero babu. Ta ƙofar hanci suka bi da komai. An yi min allurar barci, ban san an yi ba sai farkawa na yi na ji hanci cike da auduga. Wannan daren shi ne mai wuya, ba zan ɓoye maka ba, don da baki kaɗai za ka yi numfashi kuma kai ya yi gingirin. Da aka zare audugar na ji wani abu har tsakiyar kai, hawaye suka zubo ba kuka nake ba. Bayan nan jini-jini da ɓawo suka yi ta fita na ɗan lokaci. Ranar da na fara jin ƙamshin daddawa daga tukunya ina tsakar gida sai da na yi sujadar godiya. Amma ka ji sharaɗin da aka kafa min: wanke hanci da ruwan gishiri kullum, fesa magani kullum, turaren wuta kuwa na yi sallama da shi. Kishiyata har yau tana ganin gulma ce ta sa ba na shiga ɗakinta in ta kunna kasko.

Ummu Hanif:
Hajiya, mace ba turaren wuta? Ai wannan ma wata jinyar ce.

Hajiya Mai Atamfa:
Humra tana nan 'yar'uwa, ita ma kaɗan nake shafawa. Wanda ya yi shekaru bai san ƙamshin komai ba ba zai yi rigima a kan kasko ba.

Lawandi Direba:
Ku yi haƙuri zan ɓata muku. An yi wa yayana, muka sayar da raguna, muka yi jigila Kano, aka yi aiki lafiya. Ya ji daɗi kamar shekara ɗaya da wani abu. Yanzu hancin ya koma yadda yake, har ma an ce sai an sake. To ina amfanin? Ni shawarata Sale ya riƙe kuɗinsa.

Nas Hadiza:
Lawandi, tambaya biyu. Yayan naka yana da asma? Kuma bayan aikin ya ci gaba da fesa magani da wanke hanci, ko da ya ji sauƙi ya ajiye?

Lawandi Direba:
Yana da asma, tun muna yara. Maganin kuwa da kwalbar ta ƙare ya ga hanci a buɗe, me zai sa ya sake saya? Ai an riga an cire abin.

Nas Hadiza:
To a nan take. Bari in yi bayani yadda kowa zai gane, ku yi haƙuri da tsawo. A cikin ƙashin fuska akwai koguna masu iska, guda huɗu a kowane ɓangare: ɗaya a kunci, ɗaya a goshi, wasu ƙanana tsakanin ido da ido, ɗaya kuma can ciki bayan hanci. Kowanne yana yin majina, kuma yana da 'yar ƙofa da majinar ke fita zuwa hanci. Idan fatar da ta lulluɓe ciki ta kumbura, ƙofofin sai su toshe, majina ta taru ta kwanta. In abin ya wuce mako 12 ana fama, shi ne ake cewa ya zama mai naci. Tsiron da ake magana ba wani baƙon abu ba ne da ya shiga, fatar ce ta kumbura ta yi ruwa ta zazzago. Kamar kwatar unguwa ce da damina: tiyata yashe kwata ce da faɗaɗa bakinta, amma in ana ci gaba da zuba shara ba a sharewa, za ta sake cikewa. Aikin yana cire tsiron ya buɗe hanya, ta yadda maganin fesawa da ruwan gishiri za su isa inda da ba sa isa. Ba ya cire halin jikin da ke sa fatar kumbura. Masu asma kuwa an san nasu ya fi saurin dawowa, shi ya sa su ne bai kamata su ajiye magani ba ko kaɗan.

Lawandi Direba:
To ai babu wanda ya zauna ya yi mana wannan bayanin. Takarda aka miƙo mana aka ce mu dawo.

Nas Hadiza:
Wannan kam yana faruwa, layi ya yi tsawo likita ɗaya. Amma ku ma ku riƙa tambaya. Kuma ka tambayi yayan naka, in ya sha asfirin ko ibuprofen ko diclofenac ƙirjinsa na kamawa? Akwai masu haɗa ukun nan, asma da tsiron hanci da rashin jituwa da irin waɗannan magunguna. In haka ne lallai likita ya sani, kuma ya daina karɓarsu a kemis.

Sale Mai Inji:
Na gode Anti Nas. Ni ba ni da asma alhamdulillah. Amma wannan magana ta fesawa har abada ta ɗan sanyaya min jiki. Na ɗauka in an yi an gama.

Malam Habu Kemis:
Tunda an zo maganar fesawa, a rarrabe, don iri biyu ne kuma mutane na cakuɗa su a shagona kullum. Akwai irin su Otrivin, ka ɗiga yanzu hanci ya buɗe nan take. Wannan na 'yan kwanaki ne, bai kamata ya wuce mako guda ba. In ka zarce, hancin sai ya saba, da ƙarfin maganin ya sake shi sai ya toshe fiye da da, ka sake ɗigawa, haka za ka yi ta yi. Ina da kwastoman da ba ya fita sai da kwalba a aljihun gaba. Na biyu su ne irin fluticasone da mometasone da likitoci ke rubutawa. Waɗannan ba sa buɗe hanci nan take, sai an jure makonni, kuma su ne ake daɗewa a kai. Mutum ya saya ya fesa kwana biyu ya dawo ya ce na jabu na ba shi.

Ɗan Gumel:
Kai ma ai kana sayar musu da na farkon in sun zo, ko kana korarsu?

Malam Habu Kemis:
Ina gaya musu gaskiya. In na hana, shago na gaba zai ba su ba tare da ko bayanin ba.

Bintu Gwaram:
Ni wata ce ta ba ni shawarar 'yan ƙananan ƙwayoyin nan, dexa. Wallahi in na sha hanci buɗewa yake tas, har ƙamshi na ji. Me zai hana Malam Sale ya gwada kafin a kai ga wuƙa?

Nas Hadiza:
Bintu don Allah ki daina, amma kar ki yanke lokaci ɗaya in kin daɗe kina sha, ki je asibiti a rage miki a hankali. Gaskiya ne yana sa tsiron ya motse, shi ya sa likita kan ba da irinsa na 'yan kwanaki, wani lokaci gab da tiyata. Amma shan sa wata da watanni shi ke kawo kumburin fuska, hawan jini, ciwon suga, raunin ƙashi, yanar ido. Shi ne fa wanda 'yan mata ke sha don ƙiba. Tsiron kuma da an daina yake dawowa.

Bintu Gwaram:
Innalillahi. Ni da nake murna na yi kumatu.

Injiniya Kazaure:
Ina bin zancen daga Ingila. A nan akwai wata hanya da ake zura 'yar balan-balan a hura ta buɗe ƙofar kogon ba tare da an yanke komai ba, an fara ta a Amurka a 2005. Akwai kuma allurar dupilumab da Amurka ta amince da ita don tsiron hanci a 2019. Sale ya tambaya ko akwai su a gida.

Likita Sadiq:
Injiniya, sannu da ƙoƙari. Balan-balan tana da wurinta, amma ba ta cire tsiro, mai hanci cike da tsiro a ɓangare biyu ba ita ce tasa ba. Allurar kuma tana aiki, sai dai ana yin ta ne duk mako biyu ba ranar dainawa, kuɗinta ko a can sai da inshora, kuma galibi ana ajiye ta ne ga wanda aka yi wa aiki abin ya dawo.

Malam Sale, ban ga hotonka ba, don haka maganar likitan da ya duba ka ita ce gaba da tawa. Amma zan yi magana a kan tsoron Inna, don ba tatsuniya ta faɗa ba. Aikin da ta gani yana nan a tarihi, ana kiransa Caldwell-Luc, sunan likitoci biyu ne, Ba'amurke da ya bayyana shi a 1893 da Bafaranshe a 1897. Ana ɗaga leɓen sama a yanka dasashi, a huda ƙashin kunci a shiga kogon a kankare. Kunci na kumbura, wasu leɓe da haƙora su yi ta dindiris na tsawon lokaci. Shekaru da dama shi ne abin da ake da shi, kuma har yau akan yi shi a wasu larurori na musamman.

Abin da ya sauya lamarin shi ne binciken wani likita a birnin Graz na ƙasar Ostiriya, Walter Messerklinger, da ɗalibinsa Heinz Stammberger. Sun lura cewa fatar cikin kogon tana da wasu ƙananan gashi da ido ba ya gani, masu tura majina, kuma kullum hanya ɗaya suke tura ta, zuwa ƙofar da Allah ya halitta. Ƙofar kogon kunci kuwa a sama take, ba a ƙasa ba. Ko ka huda sabuwar ƙofa a ƙasa don majina ta zubo, gashin nan sai su wuce ta su nufi ta asali. Saboda haka dabara ita ce a buɗe ƙofar asali, a bar fatar da ba ta lalace ba ta ci gaba da aikinta. Wani likita David Kennedy ya yaɗa hanyar a Amurka daga 1985, yanzu ita ce ake yi a duniya, da kyamara ta ƙofar hanci. Ita aka yi wa Hajiya.

Hatsari akwai, kar wani ya ce maka babu. Kogunan nan bango ɗaya suke da ido, rufinsu kuma shi ne daɓen ƙwaƙwalwa, kuma ƙashin siriri ne ƙwarai. Ana iya zubar da jini, ana iya taɓa ramin ido, ana iya huda rufin ruwan ƙwaƙwalwa ya riƙa ɗiga. Manyan matsalolin nan ba kasafai suke faruwa ba a hannun wanda ya ƙware, kuma dalilin hoton CT ke nan, shi ne taswirar da likita ke bi. Kana da haƙƙin ka tambaye shi: da kyamara za a yi ko ta leɓe? Waɗanne koguna za a buɗe? Ya saba yin irinsa? Ƙamshi kuma yakan dawo ga da yawa, amma ba alkawari ba ne.

Sale Mai Inji:
Likita Allah ya saka da alheri, ya ji ƙan mahaifa. Da kyamara suka ce. Na karanta wa Inna bayaninka, ta ce to ai ga shi da bakinsa ya ce kusa da ƙwaƙwalwa ne.

Baffa Na Ringim:
Hahaha, Inna ta fi ku iya muhawara duka.

Malam Isa Limanci:
Sale, kar ka yi wasa da maganar mahaifiya, kuma kar ka yi wasa da lafiyarka. Neman magani Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da shi. Tsoro ne irin na uwa, ba hani ne na shari'a ba. Ka nemo wanda take jin nauyinsa, ƙaninta ko yayanta, ku tafi tare ya ji daga bakin likita ya dawo ya gaya mata. In da hali ma a haɗa ta da Hajiya a waya. Tsofaffi sun fi yarda da wanda abin ya taɓa.

Hajiya Mai Atamfa:
A shirye nake Malam. Har bidiyo ma a kira ta leƙa fuskar da kyau.

Maman Khalifa:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Yarona ɗan shekara huɗu, hancinsa na dama kaɗai ke zubar da majina mai wari sosai, har 'yan'uwansa ba sa son kwana kusa da shi. Shi ma irin na Malam Sale ne?

Nas Hadiza:
Maman Khalifa, yaro ƙarami, hanci ɗaya, wari: abin da ake fara zargi shi ne ya cusa wani abu. Ƙwayar wake, gyaɗa, guntun soso, dutsen ado. Kar ki sa tsinke ko ashana, kar a kai wa wanzami. Ki kai shi babban asibiti gobe. In kuwa kina zargin ƙaramin batirin agogo ne, yau ɗin nan, don yana cinye naman hanci cikin sa'o'i.

Likita Sadiq:
Na goyi bayan Nas. Ga manya ma, toshewar ɓangare ɗaya kaɗai daban take da ta biyu. In ɗaya ne, da haɓo a kai a kai, ko kumburin ido, ko ƙullutu a wuya, a gaggauta zuwa, ba maganar sirace ba ce. Wani lokaci kuma ruɓaɓɓen turmin haƙori na sama ne ke zuba cikin kogon kunci, don saiwarsa a gindin kogon take. Wannan sai an gyara haƙorin.

Ɗan Gumel:
To ni dai kowa ya taso min. Siracen ma haramun ne yanzu?

Nas Hadiza:
Ba haramun ba ne, yana sassauta majina mutum ya ji daɗi na ɗan lokaci. Tsiro ne dai ba ya narkarwa. A kula da yara kar ruwan zafi ya kife musu. Abin da ba na so shi ne ɗiga ruwan tafarnuwa ko mai a cikin hanci, tafarnuwa tana ƙona fatar.

Talatu Mai Koko:
Anti Nas wannan ruwan gishirin yaya ake haɗawa? Mu nan babu inda za mu samu na kanti.

Nas Hadiza:
Ki tafasa ruwa rabin lita, wato cikin ledar fiya wata ɗaya, ki bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. Ki zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a shafe ba tsiri. In akwai bakin soda na yin kek a sa ɗan kaɗan, yana rage yaji. Ki samu sirinji babba mara allura, ki sunkuya ki buɗe baki, ki tura ta hanci ɗaya ya fito ta ɗayan. Tafasawar nan dole ce. Ruwan rijiya ko na kogi ko na kududdufi da ba a tafasa ba yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da in ta bi ta hanci take kaiwa ƙwaƙwalwa. Ba kasafai ba ne, amma in ta faru da wuya a tsira. Kullum a haɗa sabo, a wanke sirinjin.

Talatu Mai Koko:
In babu bakin soda a sa kanwa?

Nas Hadiza:
A'a! Kanwa ta yi ƙarfi kuma da ƙasa a cikinta. Gishirin kaɗai ya isa.

Auwalu Ɗalibi:
Malam Isa, tambaya. Wanda aka yi wa aikin yaya zai yi da shaƙa ruwa a alwala da sujada? Kuma fesawa da rana a azumi fa?

Malam Isa Limanci:
Shaƙa ruwa da fyacewa sunna ne a mazhabar Malikiyya, in likita ya hana, alwala ta yi ba tare da su ba. Sujada in tana jawo jini ko ciwo, ya yi nuni gwargwadon iko har ya warke. Azumi kuwa, hadisin Laƙiɗ bin Sabira da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya ce a kai matuƙa wajen shaƙa ruwa sai in ana azumi, wanda ya nuna hanci hanya ce zuwa maƙogwaro. Malamai sun yi saɓani a kan ɗan feshin da bai kai maƙogwaro ba. Mafita mai sauƙi, tunda sau ɗaya ko biyu ake yi a yini, a mayar da shi sahur da bayan buɗa-baki.

Hajiya Mai Atamfa:
Haka nake yi. Kuma an hana ni fyace hanci da ɗaukar kaya mai nauyi wajen mako biyu. Atishawa ma aka ce in buɗe baki in yi ta.

Baffa Na Ringim:
To mu dawo kan Sale, don an bar shi a tsaye. Ni abin da nake gani ba aikin ne matsala ba, injin ne. Hajiya atamfa take sayarwa a ɗaki. Shi kuwa daga gadon asibiti buntu zai koma. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin injin casa ya san ko gashin ido fari yake komawa. In za a yashe hanci a mayar da shi cikin wannan ƙura, ai labarin yayan Lawandi za a maimaita.

Sale Mai Inji:
Baffa ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Injin nan shi ne cin gidanmu, da na Inna, da na marayun ƙanina. Ba zan iya barinsa ba.

Garba Mai Niƙa:
Ba sai ka bari ba. Ni ma inji nake, na niƙa, a Ɗambatta. Ba a yi min aiki ba amma atishawa da toshewa sun kusa kore ni. Na fasa bango na ƙara taga ta ɓangaren da iska ke fita, na mayar da bututun hayaƙi waje, na koma bakin ƙofa wajen awo da karɓar kuɗi, yara na ciki. Takunkumi kuma ba na yadi ba, N95 nake saya wajen masu kayan gini. Yana da zafi, gaskiya, da azahar ji kake kamar ka cire ka yar. Yaran ma na saya musu, sai su rataye a wuya.

Likita Sadiq:
Garba ya kawo magana. Ƙura ba lallai ita ta haifar da tsiron ba, akwai masu shi da ba su taɓa shiga inji ba, amma tana hura wutar kumburin, kuma sabon rauni ba ya son ta. Mai aikin ofis yakan koma bayan mako ɗaya zuwa biyu. Mai aikin ƙura ya kamata ya ƙara, ya kuma tsara da likitansa tun kafin a sa rana. Sannan akwai komawa asibiti a leƙa da kyamara a share ɓawo don kar wajen ya manne. Mutanen nesa a nan suke faɗuwa, an yi aiki mai kyau, kuɗin mota ya hana dawowa. Ka sa wannan a lissafi tun yanzu. In kana da hawan jini ko suga a daidaita su tukuna, kuma duk abin da kake sha, har na gargajiya, ka faɗa.

Baffa Na Ringim:
In ni ne, ba zan yarda a yi da hunturu ba, hazo ya sauko ga kakar shinkafa aiki ya yi yawa. A bari sai ruwa ya zauna, Yuli ko Agusta, ƙura ta kwanta.

Lawandi Direba:
Agusta? Ka san hanyoyin ƙauyukan Auyo da Kafin Hausa in kogi ya kawo? Komawar da Likita yake faɗa a kwalekwale za a yi ta?

Baffa Na Ringim:
To ya zauna Kano wajen 'yan'uwa har a sallame shi.

Ummu Hanif:
Maganar kuɗi fa babu wanda ya taɓa. Malam Sale kana cikin inshorar lafiya? Hukumarta a Jigawa ita ce JICHMA, a Kano KSCHMA. Ka je ofishinsu ka tambaya ko tsarin masu sana'ar hannu ya ɗauki irin wannan aikin da hoton, kafin ka sayar da komai.

Injiniya Kazaure:
Kuma ba laifi ba ne ya ji ta bakin likita na biyu. Ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ga Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, su ma hanci da maƙogwaro aikinsu ne. Ya riƙe faifan hotonsa, ba sai an sake ɗauka ba in bai daɗe ba.

Ɗan Gumel:
Ni har yanzu ina kan bakata. Tsiron nan ba ciwon daji ba ne, an ce ba ya kisa. Mutum ya sa kansa a allurar barci don ƙamshin daddawa?

Hajiya Mai Atamfa:
Ɗan Gumel, ba ka taɓa kwana kana farkawa kamar an shaƙe ka ba shi ya sa. Kuma ba ƙamshi kaɗai ba ne. Jikata ta taɓa barin gas a buɗe ina zaune a kicin ban ji komai ba, maƙwabciya ce ta shigo da salati.

Likita Sadiq:
A nan dai Ɗan Gumel yana da rabin gaskiya. Irin wannan aikin ba na gaggawa ba ne, mai jikin ne ke auna wahalar da yake sha da abin da zai iya ɗauka. Akwai waɗanda suka zaɓi su zauna kan magani, kuma ba su yi laifi ba. Sai dai in ido ya kumbura, ko gani ya rarrabu biyu, ko zazzaɓi da matsanancin ciwon kai da sanƙarewar wuya suka zo, wannan babu jiran damina. Tsiron da aka cire kuma ana kai shi ɗakin gwaji a tabbatar da ko mene ne, ka karɓi sakamakon.

Sale Mai Inji:
Na gode muku duka. Kawu ya yarda zai raka ni ranar asibiti, Inna ta ce ta ji amma ba ta ce ta yarda ba. Hajiya zan turo miki lambar ƙanwata ta akwatin sirri, ita ke zama da ita. Ni kaina ban gama yanke shawara ba, maganar Lawandi na nan a raina, ta Baffa ma haka. Wankin hancin dai na fara. Garba, takunkumin nan kwana nawa ɗaya yake yi maka kafin ka canza?

Garba Mai Niƙa:
Ya danganta da aiki. In numfashi ya fara wuya ko cikin ya yi datti ka yar, kuma kar ka wanke shi, lalacewa yake. Ka nemi mai igiya biyu da ke zagaya ƙeya, mai rataya a kunne iska na shiga ta gefe. Gemun ne ma babbar matsalar, ba ya bari ya kama fuska sosai.

Maman Khalifa:
Jama'a mun dawo daga asibiti. Guntun katifa ne, sun ciro.

Lawandi Direba:
Anti Nas, na tambayi yaya. Ya ce diclofenac in ya sha sai ya nemi abin shaƙarsa. Yanzu wane likitan za mu fara gani, na hancin ko na ƙirjin?